Lambar Kwalekwalena

Alhamis da dare, Samaru.

Yau kwalekwalena ya samu izinin shiga ruwa, amma saura kaɗan in sha kunya.

A kife nake ajiye shi bayan gida saboda ruwan sama, kuma a kifen Oga Chidi mai fenti na Sabon Gari ya rubuta masa lambar rajista. Ni da na yi ta duba rigunan kariya, ban lura ba. Da muka juya shi a bakin dam gaban jami'in dubawa, sai ga lamba kai ƙasa, ƙafa sama.

Jami'in ya karkata kai ya ce, "Malam Yohanna, wato sai kun kife za mu karanta?"

Na kasa dariya. Na riga na yi wa matasan cocinmu alkawarin yawo ranar Asabar.

Ya ba ni zuwa la'asar. Na ɗauko Chidi a keke, yana gyarawa yana mita wai ai ni na kife jirgin. Jami'in ya dawo, ya duba, ya sa hannu.

Yanzu yana bayan gida a kife. Na leƙa, lambar a juye take. Wannan karon haka ne daidai.