Ranar da Kika Juya Kifi

Daga jirgin gidan Shek, a mashigin Tai O,
ran sha biyu ga watan takwas.

Zuwa ga Sau-lan, 'yar mai gishiri, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan daɗin da ake tattali a tulu idan gaɓa ta yi nisa! Ke da haskenki ya kunyata gishirin mahaifinki, ke da muryarki ta fi iskar kudu taushi a jikin ƙyallen jirgi! Gaisuwa mai yawa, da girmamawa, da begen da ya fi ƙarfin takarda.

Kafin komai, ina roƙon ki dubi wannan rubutu da kyau. Hannuna ne. Ba marubucin bakin kasuwa ne ya zana mini ba. Ni, Shek Kam-shui, wanda kakanninsa bakwai aka haife su a kan ruwa ba tare da ɗayansu ya taɓa riƙe alƙalami ba, ni na zauna na tsara kowace kalma. Wata bakwai ina zuwa wurin tsoho Malam Lo a farfajiyar haikalin Tin Hau duk ranar da muka sa anka muka tsai da jirgi. Yayata Tai-hei takan leƙo ta ce, "Malamin kifi, tawada ta hau hanci, ko da shi ake rubutun?" Ban taɓa tanka mata ba, domin mai babban nufi ba ya tsayawa cacar baki. Nufina kuwa ke ce.

Kwana ashirin da uku ke nan rabona da fuskarki. Na je gonar gishiri sau huɗu, sau huɗu mahaifiyarki tana cewa kin fita, alhali ina hango takalmanki a bakin ƙofa. Ya ke farin wata a kan ruwa kwance, har yaushe za ki ɓuya?

Bari in faɗi abin da ya faru yadda ya faru, domin ba ni da halin kewaye-kewaye. Kin hau jirginmu a karon farko da shuɗiyar riga, da kwandon lemo a hannu. Mu goma sha ɗaya muka kewaye tabarma. Innata ta turara kifi mafi girma da muka kama a makon, da citta da albasa, ta ajiye shi a gabanki. Kika ci, kika yaba, Babana ya yi murmushi, ni kuwa zuciyata tana kaɗawa kamar tuta a saman sanda. Da naman sama ya ƙare, sai kika sa tsinkayenki na cin abinci, cikin ladabi, don ki sauƙaƙa wa manya, kika juya kifin.

Wayyo! A wurinku na tudu wannan ba komai ba ne. A wurinmu kuwa, kifi a faranti jirgi ne a kan ruwa, wanda ya juya cikinsa sama ya kira mana halaka. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Shi ke nan, 'yar tudu ta gama da mu!" Matar wana ta janye 'ya'yanta. Baba ya ce, "Haba, tsohuwa, yarinya ba ta sani ba," amma muryarsa ba ta kai ko'ina ba. Kika dube ni. Kash, wannan duba! Ni da nake fuskantar guguwa ban ƙifta ido ba, na sunkuyar da kai ban kare ki ba. Kika tashi da hawaye, kika sauka kwalekwale, Tai-hei ta mai da ke gaɓa.

Ki saurara, domin abin da zan rubuta yanzu ba kasafai yake fita daga bakina ba: laifin nawa ne. Na shafe watanni ina ba ki labarin taurarin da nake tuƙi da su, da iskokin da na sani da sunayensu, da yadda tsofaffin matuƙa ke neman shawarata, amma ban taɓa gaya miki yadda ake cin kifi a gidanmu ba. Ga shi yanzu, a rubuce: a cinye sama, a ɗaga ƙayar gaba ɗaya a ajiye gefe, a ci na ƙasa yadda yake kwance. Iyakarsa ke nan! A kan wannan ɗan abu za a raba rana da haskenta? A kan wannan za a bar ni in tsufa ina kallon gaɓa?

Yanzu ga albishir, ya furen bakin rafi. Inna ta ƙona turare kwana bakwai, ta zuba wa teku shayi, ta jira masifa. Muka fita sau biyar, muka dawo sau biyar, taru cike. Sai shekaranjiya da hantsi, Inna tana gyaran taru, ba tare da ta ɗaga kai ba ta ce, "Kai, mai tawada. Yarinyar nan taka, ranar da ta tafi, ka ga saukarta?" Na ce ban gani ba, Inna. Ta ce, "Ina za ka gani, kana ƙirga katakon ƙasa? Ruwa na tashi, ido cike da hawaye, ta taka kwalekwale ba ta kama hannun kowa ba. Matar wanka shekara ta yi tana rarrafe, ita da aka haifa a ruwa." Tai-hei ta tuntsire da dariya, matar wana ta murguɗa baki. Wanda bai san Innata ba zai ce magana ce kawai. Ni da na san ta shekara ashirin da takwas, na san ƙofa ce ta buɗe.

Ba zan yaudare ki ba, ya lu'ulu'un zuciyata. Ɗakin da zan ba ki tabarma biyu ne faɗinsa, ba a miƙewa tsaye a ciki. Ruwan sha da awo ake ɗiba. Gishiri zai tsattsage miki hannu, rana za ta rina miki wuya, 'ya'yanmu kuma za su koyi tafiya da igiya a ƙugu da gora a baya don kada su nitse. Amma wace matar tudu ce take farkawa kullum a sabuwar ƙofa? Zan nuna miki tsibiran da duwatsunsu ke yin ja da safe, da mashigin da kifi ke tsalle har ya faɗo cikin jirgi, da yadda jirage ɗari ke ɗaga ƙyalle lokaci guda kamar garken balbela ya tashi! Na riga na ƙera akwati na cika shi da ƙasa, na ɗaure shi a bayan jirgi, domin ki shuka abin da kike so, kada ki yi kewar ƙanshin gida. Ba a taɓa yin haka a zuriyarmu ba. Ni na fara.

Sai dai lokaci ya ƙure. Iska ta soma juyawa. Nan da kwana shida za mu bi gaɓa zuwa kudu maso yamma, ba za mu dawo ba sai bayan sabuwar shekara. Idan na sami amsarki, Baba zai je wurin mahaifinki kafin mu ɗaga anka, a sa rana. Idan ban samu ba, zan tafi, amma gangar jiki ce kawai za ta riƙe sandar tuƙi.

Ba sai kin rubuta komai ba. A cikin takardar nan za ki ga jan zare. Inna ce ta yanko shi da haƙorinta, ta jefa mini a cinya. Ta soma saƙa malafa irin ta matan jirginmu, ta kai inda ba za ta iya ci gaba ba, ta ce, "Ni ban san girman kan mutane ba." Ki zagaya shi a kanki, ki ƙulla inda ya haɗu, ki ba Tai-hei. Tana bakin gaɓa da kwalekwale, na kuma umarce ta kada ta motsa sai da shi.

Naki, wanda ba shi da wata gaɓa sai ke, yau da gobe da iyakar numfashinsa,

Shek Kam-shui,
da hannunsa.