Na Samu Kujerar Komanda, Abokina Yana Tsare

Assalamu alaikum masu karatu. Don Allah ku ɓoye sunana, ko mai buga wannan shafi ban gama yarda da shi ba. Kuma kada ku yanke mini hukunci kafin ku kai ƙarshe.

Ni matuƙin jirgin sama ne. Na daɗe ina yi wa wani kamfani aiki a wata ƙasa ta bakin teku, har na zama komanda, wato babban matuƙi. Da fari da yunwa suka yi tsanani na dawo Yamai, don na ji ana neman masu kai hatsi da magani arewa. Na ɗauka da hannu biyu za a karɓe ni. Ina! Sai aka ce awowin tuƙin da na yi a waje sai kwamiti ya duba ko za a lissafa su, kafin nan in zauna kujerar mataimaki. Ni? Ƙarƙashin yaran da na girma? A kwamitin akwai abokina, bari in kira shi Isuhu, tare muka taso a Maraɗi. Na tare shi, ya ce, "Ɗan'uwa, ba wanda ya raina awowinka. Amma duk bisa kwalta ka yi su. Ka taɓa sauka bisa rairayi da jirgi cike da buhuna? Bi ni 'yan watanni, in nuna maka." Na yi dariya kawai. Me ya sa shi kaɗai ke faɗin haka? Ba tsoro yake in sha gabansa ba?

Akwai wani mutum da ke zama wurin mai shayi a unguwar Gaweye, kowa ya san kunnen sojoji ne. Rannan ina shan shayi a wurin, ya matso ya ce, "Komanda, an hana ka haƙƙinka, ko?" Wa ya gaya masa? Ban tsaya tambaya ba. Sai na ji bakina yana cewa Isuhu kan yi gunaguni a kan yadda ake rabon hatsin taimako. Gaskiya ne ya taɓa faɗa, amma a ɗakina ya faɗa, muna cin tuwo. Wallahi ina jin kunyar kaina.

Ba a yi mako ba aka zo aka tafi da Isuhu daga filin jirgi. Matarsa ta zo gidana a unguwar Harobanda tana kuka, ta ce, "Yaya, kai ne nashi, ka taimaka ka binciko mana wanda ya kai ƙararsa." Ta daɗe tana kallona. Ta sani ne, ko tsorona ne kawai?

Yanzu an amince da awowina, an ba ni kujerar komanda, babu ko tambaya. Saurin ma ya ba ni tsoro. Lada ne, ko igiya ce aka sa mini? Mutumin Gaweye kuwa kullum sai ya gaishe ni, ya tambaye ni wane ne kuma ke gunaguni.

Jibi zan tashi zuwa wani fili a arewa, da buhunan gero da ma'aikatan jinya. Filin rairayi ne tsantsa. Ban taɓa sauka a irinsa ba, kuma wanda ya ce zai koya mini yana tsare saboda bakina. In na ce ban iya ba, na gaskata shi, za a tambaye ni dalilin ƙarar da na kai. In na yi shiru, da rayukan mutane zan gwada.

Me zan yi?