Allurar Zafin Inji

Hawandawaki, ranar Litinin

Zuwa ga jikata Furera, makanikiyar jirgi a Maradi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiyar aiki? Ni lafiya lau nake.

Amaryata, Halilu direba ne zai kawo miki wannan takarda, tunda kin san ƙarar inji ta cinye mini kunne, salula ba ta yi mini amfani. Shi ne ya ce kun cire duk allurorin gaban matuƙi a ƙaramin jirgin feshin fara, wanda na yi shekaru ina gyarawa, kun sa wani gilashi mai haske irin na salula. Tun da na ji na kasa zama wuri ɗaya. A zamaninmu ba mai tashi sai ya yi bismilla ya ƙwanƙwasa gilashin allurar zafi da yatsa. Takan maƙale. In ta motsa, ka san tana da rai. To ku me kuke ƙwanƙwasawa?

Kada ki manta alkawarinki. Kin ce ranar da za ku Tasawa za ku kewaya saman gidana. An gama yankan hatsi, ni kuwa ina nan gindin gawo ina kallon sama har wuya ya yi ciwo.

Allah ya tsare ki.
Kakanki, Sirajo

*

Maradi, ranar Laraba

Angona mai rigima,

Ina gaisuwa da ladabi. Ina ƙarfin jiki?

Wato tsohon mijina kishi yake da gilashi? Bari in yi maka bayani. Injin nan silinda shida gare shi, ka fi ni sani. Allurarka silinda ɗaya take kallo, sauran biyar sai dai addu'a. Yanzu kowace na sa mata wayarta, gilashin yana nuna sanduna shida. Wadda ta yi zafi fiye da kima sai sandarta ta koma ja. Ban yar da allurorinka ba, suna cikin kwali.

Kwantar da hankalinka, al'adarku ba ta mutu ba. Sufyan matuƙinmu har yau sai ya ƙwanƙwasa sabon gilashin, kullum ina goge shatin yatsarsa.

Asabar da hantsi za mu bi ta kanku. Ka shimfiɗa wani farin abu a kan rumfa don in gane gidan, kuma ka sa hular kirki, kada ka ba ni kunya.

Taka, Furera

*

Hawandawaki, ranar Lahadi

Furera,

Bayan gaisuwa. Lafiya lau nake.

Jiya tun da na idar da sallar asuba aka fitar mini da tabarma. Zubaida maƙwabciyata ta hau turmi ta shimfiɗa farin yadi a kan rumfa, sannan ta zauna kusa da ni ta zama kunnena. Da hantsi ta ce ga ƙara, na miƙe da sanda, ashe injin niƙa ne. Da azahar ta ce, “Baba, shiga inuwa, amaryar taka ta yi yaji.” Ban yi dariya ba. Na zauna har rana ta yi ja. Wajen shiga ɗaki ƙafa ta ɗan kuɓuce mini, ba wani abu ba ne.

Na san abin da ke hana jirgi zuwa inda ya ce zai zo. Daren jiya ban runtsa ba. Na ce Halilu ya tsaya a ƙofar wurin aikinku, kada ya taso sai da takardarki a hannu. In gilashin nan ne ya cuce ku, ki faɗa mini gaskiya.

Sirajo

*

Maradi, ranar Talata

Kaka,

Ina gaisuwa, kuma ka yafe mini. Ba abin da ya same mu.

Asabar mun tayar da inji muna gwaji kafin tashi, sai sandar silinda ta biyar ta koma ja. Sufyan ya ƙwanƙwasa gilashin, ya sake ƙwanƙwasawa, ta ƙi sauka. Ya ce ƙila wayar da na sa ce. Na ce ya kashe. Da na buɗe, sai ga tsaga a kan silindar. Allurarka ba nan take kallo ba, Kaka. Da ita ce a gabanmu, lafiya za ta ce, mu tashi, abin ya same mu a sama tsakanin Maradi da Tasawa.

Jirgi ba zai tashi ba sai sabon ƙarfe ya iso, kuma ba wanda ya san ranar. Ka ƙara haƙuri, alkawari yana nan. Ga allurar zafin na ba Halilu ya kawo maka, ta taya ka hira. Ya ce ya same ka kwance. Wace irin kuɓucewa ce wannan?

Jikarka, Furera

*

Hawandawaki, ranar Alhamis

Amaryata,

Alhamdu lillahi da kika ce ya kashe. Ki gaishe da gilashin.

Allura ta iso. Na yi bismilla na ƙwanƙwasa, ta motsa kamar da. Na daɗe ina kallonta.

Na sa Zubaida ta sauke farin yadin ta wanke. Likkafanina ne da na saya na ajiye, ba ni da wani farin da ya kai shi girma. Tun Asabar ban taka ƙasa ba. Lafiyar da nake rubuta miki irin ta allurar nan ce, wuri ɗaya take kallo.

Kada ki jira ƙarfen. Ki shigo motar Halilu, in ya tsaya Tasawa ki hau kabu-kabu. Hular tana kaina.

Kakanki, Sirajo