Bindigar Baba da Karen Jiratawa

Asabar, 11 ga Janairu 2025
Inna ta kira daga Jiratawa. Wani kare ya haukace, ya ciji maraƙin maƙwabta, jiya kuma ya yage wa wata mata zane a bakin rijiya. Maza sun bi shi da sanduna, ya shige cikin masarar garake. Ta ce, "Habibu, bindigar mahaifinka tana wurinka tana barci." Na ce to. Me zan ce?

Ɗiyata Fadila tana can wurin Inna tun da aka yi wa matata Tahira aiki wajen haihuwa. Shekarar Fadila huɗu. Duk karen da ta gani sai ta miƙa mishi hannu.

Ni tela ne. Permi, wato lasisin bindigar, kawai nake sabuntawa don kada gadon Baba ya fita gida. Ban taɓa harbi ba.

Lahadi, 12 ga Janairu
Na tafi Tsibiri wurin Kawu Tanimu, wan Inna. Tare suka yi farauta da Baba, amma yanzu yanar ido ta rufe mishi gani. Ya shafa bindigar tun daga baki har gindi. Muka fita bayan gari, na kafa gwangwani a kan kututture.

Na ɗaga, na ja kunama. Wallahi na ɗauka fashewa ta yi. Gindinta ya daki kafaɗata, ya haura ya bugi muƙamuƙina, sai ga ni zaune a ƙasa, bakina da ɗanɗanon jini. Gwangwani na nan inda yake.

Kawu ya ce, "Tashi, ka sake." Na ce gobe.

Litinin, 13 ga Janairu
Kafaɗa ta yi baƙi ƙirin. Almakashi ya gagare ni, yadin mutane jibge a shago. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce ta Sabon Gari, mashin ɗinsa ya yi tas, sai na tsinci kaina na dafe kafaɗa. Abdulrazak mai guga ya yi dariya har da hawaye. Ban faɗa mishi dalili ba.

Na roƙi Inna ta kulle yarinyar a ɗaki. Ta ce ta kulle, amma wa zai kulle tumaki, wa zai ɗebo ruwa?

Talata, 14 ga Janairu
Na koma Tsibiri. Kawu ya karɓi bindigar ya ɗura da kansa. Na saita, na ja kunama. Ƙyas kawai na ji. Ashe kwanson harsashin da na harba shekaranjiya ya mayar ciki. Amma ni na riga na runtse ido, na ja da baya, bakin bindiga ya nufi ƙasa.

"Ban gani ba, amma na ji ƙafarka ta ja ƙasa," in ji shi. "Ba ta taɓa ka ba ka gudu. Ɗan nan, kai ke bugun kanka."

Kunya kamar in nutse.

Ya nuna mini da hannu. In manna ta a tsokar kafaɗa, ba a kan ƙashi ba. In ɗora kunci a kanta. In ranƙwafa gaba, ƙafar hagu a gaba. Ya ce wanda ya ba ta tazara shi take samun wurin bugu. Ya sa na toshe kunne da auduga, wai rabin tsoron a kunne yake.

Na yi duk yadda ya ce, ya ɗura na gaske. Na sake runtsewa. Harsashi ya ɓare gefen wani rumbu, can nesa da gwangwani, kuma akwai wata tsohuwa tana tsintar kara a bayansa. Ba abin da ya same ta. Ta ɗago ta dube mu kawai.

Da ta ƙara taku kaɗan fa?

Laraba, 15 ga Janairu
Karen ya ciji Ilyasu, mai garkar da ke jikin ta Inna, a sha-raɓa. An kawo shi Maraɗi ana yi mishi allurai.

Na ɗinka matashin auduga a cikin kafaɗar tsohuwar rigata. Tahira tana kallona daga kan gado, jariri a ƙirjinta. Ta ce, "Ka je ka ɗauko mini ɗiyata. Bindigar nan ka bar ta." Na ce zan ɗauko ta gobe da safe.

Ba ciwon nake tsoro yanzu ba. Tsoron idona nake. Ka ja kunama a cikin garka, mutane ko'ina, kai kuma ba ka kallon inda ka aika mutuwa.

Na naɗe bindigar a buhu duk da haka. Ban san me ya sa ba.

Alhamis, 16 ga Janairu
Bari in rubuta tun ban fara shakkar abin da ya faru ba.

Na isa da hantsi. Inna tana ɗaure wa Fadila kaya a ɗaki. Na ɗura bindigar na jingine a bakin ƙofa, wai don Inna ta ga na zo da ita. Sai tumaki suka fara turmutsitsi a garke.

Karen ya shigo ta ɓarakar danga. Ja ne, ƙashi da fata, dalala na zuba, ƙafar baya tana ja. Bai yi haushi ba. Wannan shirun ne ya fi razana ni.

Fadila ta leƙo ta ƙarƙashin labule ta ce, "Baba, kare!" da murna. Inna ta fizge ta ciki. Shi kuma ya juyo wajen muryar.

Na tuna na duba bayansa. Katangar laka ce, babu kowa. Na tuna kuncina a kan katako. Na ga kunnensa ɗaya a yage, na ga ƙuda a gefen idonsa. Na ga lokacin da ya faɗi.

Ƙarar ban ji ta ba. Dukan ma ban ji ba. Sai da maza suka shigo da gudu na lura ina tsaye, hayaƙi na fita daga bakin bindiga. Na yi amai a bayan rumbu. Suka haƙa rami mai zurfi suka binne shi, ba wanda ya taɓa shi da hannu.

Rigar matashin tana cikin jaka. Na manta ban sa ta ba.

Juma'a, 17 ga Janairu
Fadila tana gida. Ba ta yarda in ɗauke ta. Ta ce wa uwarta na kashe kare.

Litinin, 20 ga Janairu
Na kira Kawu na tambaye shi me ya sa ban ji komai ba. Ya ce haka take, in hankalinka yana kan abin da ke gabanka ba ka jin ta. Sannan ya ce yaransa za su fita farautar zabin daji ranar Asabar, kuma babu mai bindiga a cikinsu. Na ce Allah ya kiyaye, ni na gama.

Wani ya kawo shadda ɗazu, yana so ranar Asabar. Na ce ya zo Lahadi, Asabar ba na gari.