Zaɓin da Ka Bar wa Tsohuwar Na'ura

Zuwa ga Maigida Kwabena,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kana lafiya a Kumasi, kai da iyali. Sule ne, abokin aikinka na ofishin dabbobi a Tamale.

Ka tuna shekarun nan na wahala, da burodi ma sai an bi layi, ga annoba ta shiga shanu. Kwamfuta biyu gare mu: sabuwa a ofis, tsohuwa a tashar allura ta Gumani. Mu ke rubuta shirin kwamfutar da ke lissafa rabon magani garke-garke. Kafin ya yi aiki, sai mun ba wani shirin umarni ya juya shi zuwa harshen na'ura, ya haɗa masa kayan lissafin da zai dogara da su. Kayan sabuwa suna da sauri, amma in aka kai wa tsohuwa sai ta tsaya cak.

Ni na so harafi ɗaya ya wadatar wajen zaɓin kayan da za a haɗa. Ka ce a'a, a rubuta kalma cikakkiya, "sabo" ko "tsoho", don mai gajiya ba ya tuna harafi. Sannan in mutum ya manta bai rubuta komai ba, a ɗauki na tsoho. Da Hausarka ta kasuwa kake cewa, "Sabon mashin zai iya jira. Saniya ba zai jira ba." Muna yi maka dariya, ba ka taɓa gyara ta ba.

Da wani babban jami'i ya zo daga Ankara, babban birnin Ghana, ya ga shirin yana jan ƙafa a gaban baƙinsa, ya ce a juya tsarin, in an manta a ɗauki na sabo. Ka yi masa bayani cikin ladabi cewa ma'aikacin Gumani ba zai san abin da ya tsayar da na'urarsa ba, kuma makiyaya sun taho daga nesa. Ya maimaita. Ka ƙi. Ba a jima ba takardar canjin wurinka ta iso.

Na ji zafin tafiyarka ƙwarai, har yau ina ji. Bayanka aka ba ni umarnin nan, na ce to, ban taɓa komai ba, babu kuma wanda ya dawo ya duba. Da ka iya cewa to kamar ni, da ka tsufa a unguwar Gumbihini kusa da mu. Amma ba ka iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa mu gana kafin ƙasa ta rufe ido.

Naka har kullum,
Sule