Cokali Biyu na Dadiya Sun Raba Ni da Jikana

Malama Desmawati, ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi a ajin yamma.

Shekara goma sha ɗaya 'yata Rosmaini tana jiran haihuwa, sai bana Allah ya ba ta namiji. Ranar suna har rawa na taka, matata tana cewa tsoho zai karya ƙugu. Sana'ata dadiya ce, nonon ɓaunar gida da muke zubawa ɗanye a gora, mu rufe da ganyen ayaba ya kwana biyu. Duk kasuwar garinmu Bukittinggi an san tawa.

Yana wata huɗu gudawa ta kama shi. Likita ya ba da wani gari, ya ce ƙwayoyi ne masu rai da ke gyara hanji. Na ce ai su ne a gorata, har malaminmu na ajin yamma ya taɓa faɗa. Uwarsa na wanka na ba shi dadiya cokali biyu. Ciwon ya tsananta, kwana uku ya yi a asibiti ana masa ƙarin ruwa. Ya warke, amma Rosmaini ta ce Baba ya koyi karatu jiya, yau ya zama likita. Wata guda ke nan ban ɗauke shi ba. In na shigo sai ta goya shi ta shige ɗaki. Yana ta girma, ni kuwa ta taga nake ganinsa.

Kaka Mai Gora

Baba, barka da samun jika, Allah ya raya.

Malaminku bai yi ƙarya ba, akwai ƙwayoyi masu amfani a dadiya. Sai dai ɗanyen nono kan zo da masu cutarwa ma, hanjin ɗan wata huɗu kuwa nonon uwa kaɗai ya sani. Garin da likita ya bayar an tantance irin ƙwayar da ke ciki da adadinta, kuma shi ma taimako ne kawai. Babban abin a gudawa shi ne mayar da ruwan jiki.

Maganar Rosmaini ta yi zafi, amma tsoro ne ya faɗe ta. Abin da ya fi ƙona mata rai, a ɓoye ka yi. Ka je ka ce ka yi kuskure, kada ka haɗa da “amma”. Ka yi mata alkawarin ba abin da zai shiga bakinsa sai da saninta. Ranar awo ka raka su, ka yi wa likita tambayoyinka a gabanta. Kada ka miƙa hannu, ka bari ita ta miƙo maka shi.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya ba ka haƙurin jira.

Desmawati