Sifanar da Muka Ba Jidda

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Amintattu na cibiyarmu ta koya wa matasa sana'a, Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti, sunana Malam Kyari. Ni nake koyar da gyaran ƙananan injuna a cibiyar nan, wato janareto da injin niƙa da injin ban-ruwa. Na kai kokena ofis, na sake komawa, har yau shiru. Shi ya sa na fito fili, domin iyayen da suka ba mu amanar 'ya'yansu su ma ya kamata su ji.

Akwai wani ruɗu da yawancinmu muke cikinsa, har da masu karatu. Mutum ya ɗauka sifana ai sifana ce, ƙarfe ne aka buɗe wa baki, kuma bambancin mai araha da mai tsada sunan da aka buga a jikinta ne kawai. Wasu kuma suna ganin duk abin da ya yi tsada shi ne nagari. Dukansu ba su yi daidai ba. Da a cikin aji ne, da na yi wannan bayani ina murmushi. Amma yau da kunya nake yinsa, saboda a kan ɗalibina abin ya faɗo.

Ka tuna bikin yaye ɗalibai da muka yi. Akwatunan kayan aikin da kwamiti ya saya sun iso da safiyar ranar, a naɗe cikin leda, aka ce kada a taɓa su sai an ɗauki hoto. Jajaye ne masu ƙyalli, kowanne da tambarin cibiya a murfinsa. Da aka buɗe guda ɗaya domin manyan baƙi, sai ga kaya reras, kowane ƙarfe a gurbinsa, kamar jeren ɗakin amarya. Aka yi ta tafi. Ni aka sa na miƙa wa 'yan ajina nasu, kuma ni na tsaya gaban iyaye na ce musu duk yaron da ya riƙe akwatin nan, da yardar Allah ya riƙe abincinsa.

Cikin waɗanda na miƙa wa akwai Jidda. Mahaifinsa, Alhaji Adam, makiyayi ne a da. Rashin zaman lafiya ya kawo su gari, ya zauna a unguwar Dusuman da ke bakin gari yana saye da sayar da dabbobi. Tun farko bai so ɗansa ya riƙa yini cikin baƙin mai ba, ya fi so ya bi shi kasuwa. Ni na yi ta sintiri gidansa har ya yarda. Ban kuwa yi da-na-sani ba, domin Jidda yana da kunne. Inji yana tashi zai gaya maka inda ciwonsa yake kafin a kwance komai.

Da rani ya shigo, Alhaji Adam da kansa ya samo wa ɗansa aikin farko. Maƙwabcinsu Ba Modu, wani dattijo mai lambun tumatir da albasa, injin ban-ruwansa ya ƙi tashi. A irin waɗannan unguwanni aikin farko ba a ɓoye ake yinsa ba. Masu lambunan kusa sun bar aikinsu sun zo ganin hannun sabon bakanike, domin kowa yana da inji, kowa kuma ya gaji da ɗaukarsa zuwa cikin gari. Uban ma yana tsaye da sandarsa.

Jidda ya gano matsalar nan take, saura ya buɗe murfi. Noti ɗaya ya yi tsatsa. Ya ɗauko sifanar da ta dace daga akwatinmu, ya zaunar da ita, ya ja yadda na koya masa. Bakinta ya wage, ta zame, ta tafi da kusurwoyin notin, bayan hannunsa ya daki ƙarfe ya fashe. Ya ɗauko filaya, haƙoranta suka lotse. Kafin a ankara notin ya koma sumul, babu abin da zai ƙara kama shi. Dole aka ɗora injin a keke napep aka kai wa mai walda a gari. Kafin ya dawo, tumatirin Ba Modu ya yi yaushi, furen wani ɓangare ya zube.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Jidda ya same ni a gida a Umarari, hannunsa ɗaure da tsumma, akwatin a hammatarsa. Na ɗauka ƙorafi ya kawo. Sai ya durƙusa ya ce, "Malam, a taimaka a mayar da ni aji. Ina ganin hannuna bai nuna ba." Ranka ya daɗe, na daɗe ina koyarwa, amma ban taɓa jin maganar da ta sa na rasa inda zan sa idona irin wannan ba. Na karɓi wata sifanar daga cikin akwatin, na gwada a janareton gidana. Ni ma ta zame mini. Yaro ya yi kwanaki yana zargin hannunsa, alhali kayan da muka ba shi ne ba za su iya aikin ba.

Washegari na tafi Dusuman. Ba Modu ya tarbe ni da fara'a, ya ce, "Lale da Malam. Akwatin naku dai ya yi kyau, jikokina har kuka suka yi a bar musu su yi wasa da shi." Mutanen wurin suka yi dariya, ni ma na yi, don ban san abin da zan yi ba. Na fara bayanin cewa laifin ƙarfe ne, sai wani ya ce, "To Malam, wa ya ba shi ƙarfen?" Alhaji Adam kuwa ya sa aka kawo mini shayi, bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka ce in bar shi, na bar shi. Idan kunya ta ishe shi, wurinsa yana nan a kasuwa. Zan jira zuwa faɗuwar damina." Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Tun daga ranar da sifanar ta zame babu wanda ya ƙara kiran Jidda a Dusuman. Da damina ta sauka za a ajiye injinan ban-ruwa, kuma idan har lokacin bai gyara sunansa ba, mun rasa shi. Wannan shi ne abin da ya hana ni zama.

Ban ce wani ya ci kuɗi ba, kuma ba na zaton haka. Na fi zaton an duba akwatin da ya fi yawan kaya a kuɗin da ake da su, aka ga an yi dabara. Ga abin da nake so kwamiti ya sani.

Na ɗaya. A ɗakin aikinmu, da tsofaffin kaya nagari muke koyarwa, waɗanda aka saya tun kafuwar cibiya. Sun yi baƙi, wasu har lambarsu ta goge, amma ba sa zamewa. Hannun ɗalibi ya saba da ƙarfin da irin wannan sifana take ɗauka, kuma ni nake ce masa ya ja kada ya ji tsoro. Sai ranar yaye mu canja masa da wadda ba ta ɗaukar rabin wannan ƙarfi, ba tare da mun gaya masa ba. Ashe koyarwar tawa ce ma ta taimaka wajen fasa masa hannu.

Na biyu. Ba duk mai araha ne abin zubarwa ba, kuma ba zan yarda a ce Malam Kyari tsada yake so ba. Guduma mai araha tana aiki, in ƙotarta ta karye a sa mata wata. Mazurarin zuba mai, burushin goge tsatsa, tef na awo, har akwatin kansa, duk a sayi masu sauƙin kuɗi, babu abin da zai faru. Mai gida da yake ɗaure ƙafar kujera sau ɗaya a shekara, shi ma ƙaramin akwati mai araha ya ishe shi, ni kaina shi nake ba maƙwabtana shawara su saya.

Na uku. Amma akwai kayan da suke kama jikin injin mutane kai tsaye: sifanonin da aka fi amfani da su kullum, sifanar fulogi, filaya, da sukudireba. Waɗannan idan suka gaza, ba su kaɗai suke lalacewa ba, suna tafiya da abin da suka kama. Sifana tagari tana zama a kan noti daram, ƙarfenta ya sha wuta yadda ya kamata, ba ya buɗewa. Marar kyau tun tana sabuwa za ka ji tana wasa, kuma wannan ɗan wasan shi yake cinye noti. Sukudireba tagari bakinta yana nan yadda yake bayan shekaru. Ta cikin akwatinmu kuwa, wata ɗalibata Yagana da take gyaran janareto a unguwar Mairi ta nuna mini tata: bakin ya murɗe, mariƙin yana juyawa shi kaɗai ya bar ƙarfen a tsaye. Ita Allah ya taimake ta a cikin shago abin ya same ta, ba a gaban jama'a ba.

Ina ƙarawa da cewa tsada ba shaida ba ce. Kasuwa cike take da kaya masu ƙyalli da aka buga wa sunan ƙasashen waje, a saya da tsada, su yi abin da namu suka yi. Sau da yawa tsohuwar sifana ta gwanjo, wadda wani bakanike ya yi shekaru yana aiki da ita, ta fi su nesa ba kusa ba, kuma kuɗinta bai kai nasu ba. Ba a gane wannan a hoto ko a takardar ɗan kwangila, sai an riƙe a hannu.

Na huɗu, kuma shi ya fi damuna. Idan sifana ta zame a hannun tsohon bakanike, mutane sukan ce ƙarfen banza ne, ya jefar ya ɗauko wata. Idan ta zame a hannun sabon shiga, cewa ake yi bai iya ba. Tsoho yana da sunan da zai kare shi, yaranmu ba su da komai sai aikin farko. Su ne suka fi kowa bukatar kayan da ba za su ba su kunya ba, su ne kuma muka ba mafi rauni.

Na ara wa Jidda sifanonina da filayata, da su yake 'yan gyare-gyare a cikin gari yanzu. Amma ni mutum ɗaya ne, ajin kuwa da yawa, kuma kowannensu yana yawo da jan akwatin nan yana ganin ya shirya.

Saboda haka ina roƙon kwamiti cikin girmamawa. A dakatar da sayen kayan yaye na gaba har sai malaman kowane aji sun gwada samfur da hannunsu. A rage yawan kayan akwati, a sa kuɗin a kan 'yan kaɗan da ake cin abinci da su, ko da akwatin zai fito rabi a hoto. A kira waɗanda muka riga muka yaye a canja musu sifanoni da filaya da sukudireba, kafin wani ya ji raunin da ya fi na Jidda.

Roƙona na ƙarshe ba ya cin ko kwabo. Wani babba daga kwamiti ya bi ni Dusuman kafin ruwa ya sauka, ya tsaya gaban Alhaji Adam da Ba Modu da masu lambu, ya ce kayan da cibiya ta bayar ne suka gaza, yaron ya iya aikinsa. Ni na faɗa, amma ni malaminsa ne, kowa yana ganin kare shi nake yi. Idan daga bakinku ta fito, wani zai sake miƙa masa inji.

Ba na so ka yarda da ni don na rubuta. Ka zo ɗakin aikinmu duk ranar da ka samu sarari, ko ba sanarwa. Akwai wani tsohon injin niƙa a bayan ɗakin, notinsa duk sun yi tsatsa. Zan ajiye maka sifana biyu masu lamba ɗaya, ɗaya daga akwatin yaye, ɗaya daga kayan aji, ba zan gaya maka wacce ce wacce ba. Ka naɗe hannun riga ka ja da kanka. Sai dai zan ba ka safar hannu mai kauri tukuna, don ba na so a ce shugabanmu ya ji ciwo a ajina.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya yi wa kwamiti jagora, ya sa albarka a hannun yaranmu.

Wassalam.

Naka,
Malam Kyari,
Mai koyar da gyaran injuna,
Umarari, Maiduguri.